Kakan da Gwaggo Albreda ta Haifa

Yayana Drogo bai tsani matarsa Hawisa ba. Duk wanda ya ce ya tsane ta ƙarya yake yi, a gidan nake. Dajin Basilia ne ya shiga masa ido.

Basilia maƙwabciyarmu ce. Mijinta ya faɗo daga kan doki a wajen farauta ya mutu, ya bar ta da ƙuruciyarta da wani daji da ya yi iyaka da namu na Aldermarsh, cike da barewa da aladun dawa. Shi kuwa Drogo mutum ne da in barewa ta tsallake rafi ta shige dajin wani, ranar abinci ba ya shiga cikinsa. Ya fara da aika mata shahonsa na farauta mafi kyau. Ta karɓa. Daga nan sai ya soma tunawa cewa 'ya'ya mata kawai Hawisa ta haifa masa, kuma bai kamata gidanmu na de Harcemont ya ƙare a hannun surukai ba.

Wata safiya muna duba dawakai, ya ja ni gefe.

"Ivo, ka san ni da Hawisa 'yan uwa ne?"

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun asali."

"Ikon Allah. Babbar 'yarku ta isa aure, sai yanzu jinin ya yi magana?"

"Kai matsalarka baki. Coci ba ta san saki ba, ka sani na sani. Amma in aka gano miji da mata sun haɗa kaka, ko na bakwai ne, sai a ce tun farko ba a yi aure ba. Kowa ya kama gabansa, yara kuma suna nan da sunan ubansu."

"To wane kakan kuka haɗa?"

"Shi nake nema," in ji shi.

Mai neman kaka a yankinmu wuri ɗaya yake zuwa, wajen Gwaggo Albreda, yayar mahaifinmu. Ta haura saba'in a lokacin. Ta ga Wimund da idonta, kakanta da ya ƙetaro teku daga Nomandi tare da rundunar da ta ci ƙasar nan, aka ba shi Aldermarsh. Ta ce ta zauna a cinyarsa, warin albasa yake yi. Wimund ya haifi Osbert, Osbert ya haife ta ya haifi mahaifinmu Ranulf, Ranulf ya haife mu. Wannan kowa ya sani. Abin da Gwaggo ta fi kowa shi ne na gefe: wa ya auri wa, wa ya ci gadon wa, wane ne aka haifa da wuri bayan biki aka ce bakwaini ne alhali ya fito da ƙiba. Manyan gidaje sukan aiko a tambaye ta kafin su ɗaura aure, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Da wannan take tinƙaho.

Drogo ya manta abu ɗaya. Kafin sanyin da ya wuce ya fitar da ita daga ɗakinta mai ɗumi, wanda ke jingine da murhun babban zaure, ya zuba shahunansa a ciki. Ita kuma ya kai ta saman hasumiya, inda iska ke shiga ta gabas ta fita ta yamma. Hawisa ce ke hawa matakalar kullum da duwatsu masu zafi naɗe cikin ulu, tana sa mata a ƙafa.

Muka hau tare, yana haki, yana riƙe da alkyabba mai shafin gashin kurege, ni ina ɗauke da tulun ruwan inabi.

"Gwaggo, barka da hutawa."

"Wa nake ji? Ranulf ne ya taso daga kabari?"

"Drogo ne, Gwaggo."

"Au, maigidan ne da kansa. Na ɗauka matakalar nan ta fi ƙarfin tumbinka."

Ya yi yaƙe, ya lulluɓa mata alkyabbar, ya yi ta zagaye-zagaye har ya iso kan maganar. Ta saurare shi har ya gama.

"Babu," ta ce. "Ni na zaɓa maka yarinyar nan. Sai da na bi ta uwa, na bi ta uba, har na kai bakin teku. Ko kare ba ku haɗa ba."

"Ki dai sake dubawa. Mutum yakan manta."

"Mutum dai."

"Kakarta ta wajen uba, Muriel. Na taɓa ji kin ce ba a san ubanta ba."

"Marainiya ce, a hannun 'yan zuhudu ta tashi, can iyakar Wels. Sai me?"

"To da a ce uban nan nata ɗan Wimund ne fa?"

Gwaggo ta dube shi tana shafa gashin kuregen.

"Wato ni da tsufana kake so in haifa wa kakana ɗa."

"In kin tuna shi, yau za ki koma ɗakinki."

"Yau?"

"Yau ɗin nan."

Ta rufe ido kamar mai addu'a. Can ta ce, "Baderon. Sunansa Baderon. Jan gashi gare shi."

Kafin a ci abincin rana an kwashe shahuna, an wanke kashinsu, an mayar da gadonta.

Labari ba ya kwana a gida irin namu. Washegari na sami Hawisa a ɗakin da ake ajiye cuku, tana jujjuya su ɗaya bayan ɗaya. Ni da ita mun saba tsokanar juna tun tana amarya.

"Matar Yaya, ashe 'yar uwata ce ban sani ba."

"Haka na ji. Da na sani tun tuni, da na daina ba ka na sama a tukunya. Matsa ka ba ni hanya."

Da ta juyo na ga idonta ya yi ja, sai na ji kunyar bakina. Na ce ko in yi wa Yaya magana. Ta ce in bar shi, wanda ya yi rantsuwa a ƙofar coci ya manta, ba maganar ƙane ce za ta tuna masa ba. Ta ɗauki kwandon ulunta ta nufi ɗakin Gwaggo.

Tun daga ranar can take wuni, wai suna kaɗin ulu. Da farko in na wuce shiru nake ji. Daga baya sai na fara jin dariya, ta Gwaggo mai haɗe da tari, da ta Hawisa ƙasa-ƙasa. Na gaya wa Drogo. Ya ce mata ne, lallashin juna suke, in fita harkarsu.

Bayan an gama shukar bazara wakilin bishop ya iso, Fada Thurstan, wani siriri mai mura da ba ta warkewa. A cocinmu aka yi zaman. Maƙwabta suka cika ta, har da waɗanda ba sa zuwa ko ranar Lahadi. Picot, wakilin sarki a gundumarmu, ya zo wai wucewa yake yi. Basilia ta zauna a gaba da sabon lulluɓi.

Drogo bai sa ni cikin masu shaida ba. Ya ce ya san ni, dariya zan yi. Shi ya fara tashi, ya ɗora hannu a kan akwatin da ke ɗauke da ƙashin yatsan waliyyin cocinmu. Ya rantse cewa Baderon ɗan Wimund ne, cewa mahaifinmu ya sha ba shi labarinsa, kuma duk abin da Gwaggo za ta faɗa a kan mutumin nan gaskiya ne. Wannan na ƙarshen ita ta ba shi shawara. Ta ce masa ita tsohuwa ce, za a ce ruɗewa ta yi, gara maigida ya tsaya wa maganarta tun kafin ta buɗe baki.

Da aka miƙa mata akwatin don ita ma ta rantse, sai hannunta ya kama rawa.

"Fada, ka ga hannun nan. In na yar da waliyyi a ƙasa, wa zai ɗauki alhakin? Ai maigida ya riga ya rantse mini."

Fada Thurstan ya janye akwatinsa da sauri, ya ce ta yi bayani kawai.

Ban taɓa jin Gwaggo ta yi magana kamar ranar ba. Ta kawo Baderon har muka gan shi: dogo, jan gashi, mai tabo a haɓa inda aladen dawa ya taɓa shi. Ta ce shi ya koya mata yin fito da ganyen ciyawa. Ya je yaƙi iyakar Wels, ya yi aure a can ba da sanin ubansa ba, matar ta mutu a wajen haihuwa, ya kai jaririyar wajen 'yan zuhudu. Baƙin ciki ya sa ya ɗinka gicciye a rigarsa ya nufi Urushalima, zazzaɓi ya kashe shi yana hango ganuwar birnin. Mata suka fara share hawaye. Tsohon barde Saer, wanda bai ji rabin maganar ba don kurumta, ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Baderon! Ai ubana ya sha faɗarsa. Namiji ke nan!" Drogo ya waiwayo ya kashe mini ido.

Fada Thurstan ya fyace hanci, ya ƙirga kakannin a yatsunsa, ya ce lalle zumuncin ya yi kusa ƙwarai. Yana shirin yanke hukunci sai Hawisa ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba jayayya zan yi ba. Tunda yau na sami kaka, ina so in ƙara saninsa. Gwaggo, tsakanin Baderon da Osbert, wane ne babba?"

"Haba 'yar nan, Baderon mana. Shi ya riƙa ɗaukar mahaifina a wuya."

Drogo ya gyara tsayuwa.

"Ranar da zai tafi," Gwaggo ta ci gaba, "Wimund ya kama hannunsa a bakin ƙofar nan, ya ce Aldermarsh tasa ce, shi da zuri'arsa. Mahaifina riƙo kawai ya yi, Allah ya jiƙansa. Har ya mutu yana leƙen hanya."

Picot, wanda tun ɗazu yake gyangyaɗi, ya buɗe ido duka biyu.

"Uwargida, a zuri'ar Baderon wa ya rage?"

"Muriel ɗa ɗaya ta haifa, shi kuma 'ya ɗaya. Ga ta nan tsaye."

Kowa ya juya ya dubi Hawisa.

"Ƙarya ne!" Drogo ya daka tsawa. "Babu wani Baderon! Ba a taɓa yin sa ba!"

"Ɗana," in ji Fada Thurstan a hankali, "hannunka bai huce daga kan ƙashin waliyyi ba. Wacce ce ƙaryar, ta ɗazu ko ta yanzu? Ka yi tunani kafin ka amsa, don wanda ya rantse a kan ƙarya ba ya sake shiga coci, in ya mutu kuma ba a binne shi cikin mutane."

Drogo ya dubi akwatin, ya dubi Picot.

"Akwai shi," ya ce. "Amma ƙane ne. Ƙarami ne sosai."

"Kai ka gan shi ko ni?" in ji Gwaggo.

Ni dai a nan na fita waje, na rungumi wata bishiya na yi abin da Yaya ya ce zan yi.

Aka raba auren, kamar yadda ya nema. Maganar gida da gonaki Picot ya ce sai an kai gaban sarki, kafin nan komai yana hannun uwargida Hawisa, ƙarƙashin kariyar sarki. Basilia ba ta jira ƙarshen zaman ba. Kafin girbi ta auri wani barde daga arewa, shahon kuma ba ta mayar ba.

Drogo ya dawo ɗakina da ke saman barga. Hawisa ba ta kore shi ba, ta ce ɗan uwa ba ya rasa wurin kwana a gidanta. Haka take kiransa a gaban kowa. "A ƙara wa ɗan uwa miya." "Ɗan uwa, ka ɗan matsa, baƙi za su zauna." Baƙi kuwa suka yi ta zuwa, don mace mai gidan dutse da ba ta da miji ba ta rasa masu gaisuwa. Gwauraye, samari, har da wani da matarsa ke kwance ba ta riga ta cika ba. Hawisa ta sa a yanka musu barewar Drogo, a buɗe musu ruwan inabinsa. Shi yana zaune can ƙasan tebur kusa da ni, yana kallon wani saurayi mai gashin baki yana auna faɗin zauren da taku.

"Ivo, ka ga wancan? Jiya dokina ya hau."

"Dokin 'yar uwarmu dai, Yaya."

Ya jefe ni da ƙashi.

Da farko fushi yake yi. Daga baya fushin ya sauka, ya bar shi da rama. Ya daina zancen farauta. Wata rana na same shi yana ɗinke rigarsa da kansa, ya soki yatsa, ya zauna yana kallon jinin. Ya ce mini shi fa bai taɓa sanin wa ke sa a gyara rufi ko a sa wa naman hunturu gishiri ba, ya ɗauka abubuwan nan yin kansu suke. Ya ce kuma in ta yi dariya a can saman tebur, sai ya ji kamar ana jan wani abu a ƙirjinsa. Na ce wataƙila yunwa ce. Bai jefe ni da komai ba, a nan na san abin ya kai.

Ita ma Hawisa wasan ya fara isarta. Picot ya shaida mata cewa sarki na da wani bafade da yake son saka wa da alheri, kuma mace mai gado irinta sarki ke zaɓa mata miji.

"Na saba da munsharin yayanka," ta ce mini. "Ba zan koyi sabo ba da girmana. Amma sai ya roƙa, kuma da bakinsa."

Na kai saƙon, na rage masa kaifi kaɗan.

A lambun tuffa ya same ta, tana tsaye ana tsinko na ƙarshen shekara. Ta sallami masu aikin. Ni ban tafi ba, kuma ba wanda ya ce in tafi.

"Hawisa."

"Na'am, ɗan uwa."

"Don Allah ki daina kirana da sunan nan."

"Kai ka saya da alkyabba. Me kake so?"

"Ke."

"Ni ko gidan?"

In akwai abin da zan yaba wa Yaya a duk wannan labari, shi ne bai yi mata ƙarya ba.

"Duka biyun," ya ce. "Amma da za a ce in ɗauki ɗaya, yanzu na san wanda zan ɗauka. Da ban sani ba."

Ta ɗauki tuffa ta goge a hannun rigarta, ta ci, ta bar shi a tsaye har ta kai ga ƙwallon. Sannan ta faɗi nata. Babbar 'yarsu Idonea ita za ta gaji Aldermarsh, kuma ba za a ba ta mijin da ba ta so ba. Gwaggo ba za ta sake barin ɗakinta ba sai zuwa kabari. Shi kuma zai je wajen bishop da ƙafa, ba a kan doki ba, ya roƙi a yafe musu zumuncin a sake ɗaura aure, kafin bafaden sarki ya iso.

Ya tafi cikin ruwan sama da taɓo, ya dawo da kumburin ƙafa da izinin bishop. Bishop ya ce labarin Baderon ya taɓa zuciyarsa. Mutumin da ya mutu a hanyar Urushalima, danginsa suka manta da shi ba ko addu'a, wannan abin kunya ne. Saboda haka sharaɗinsa shi ne Drogo ya gina ƙaramin ɗakin ibada a jikin cocinmu da sunan Baderon, a sassaƙa siffarsa a dutse, a riƙa yi masa addu'a duk shekara. Picot ya so ya yi gardama, amma aure ya riga ya koma, gida da masu gida sun sake haɗuwa, ba abin da ya rage a kai wa sarki.

Aka sake ɗaura auren a ƙofar coci, 'ya'yansu suna riƙe wa uwarsu lulluɓi. Gwaggo ta sha ruwan inabi har ta yi waƙa.

Da mai sassaƙa ya zo, ita ta zauna kusa da shi a kan kujera tana ba da umarni. A ƙara tsawo. A rage ciki, Baderon ba irin mutanen yanzu ba ne. Ta rayu har ta ga an gama, ta ce ya yi kama, sai dai na gaskiyar ya fi kyau. Na taɓa tambayarta ko ba ta jin tsoron Allah a kan abin nan. Ta ce ita ba ta rantse da komai ba, tatsuniya aka roƙe ta, ta yi.

Bayan rasuwarta ba wanda ya rage da zai ce a'a. Yau gidaje uku a gundumarmu suna cewa sun haɗa jini da Baderon, jikokin Saer kuma suna da takobin da suka ce shi ya ba kakansu. Masu tafiya ziyara sukan tsaya su taɓa ƙafar dutsen don neman sa'ar hanya, har wurin ya yi santsi.

Drogo da Hawisa sun tsufa tare, kuma ban sake jin ya yi zancen dajin kowa ba. Duk shekara ranar addu'ar Baderon shi ke gaba, ya durƙusa a gaban siffar, ya sunkuyar da kai, leɓensa na motsi. Mutane suna yaba masa riƙon zumunci. Wata shekara na matsa kusa da shi na kasa kunne. Na ji abin da yake faɗa wa Baderon sarai, amma ba zan iya maimaita shi ba, ba addu'a ba ce.